Cinyar Kamun Farko

Mainasara da Bature sun fara haɗuwa ne wata ranar Laraba cikin watan Fabrairu na shekarar 1981, a wata fadama kusa da Kusasu, kuma da gardama suka fara. An ƙone daji a makon, ciyawa ta kwanta, ana hango nesa. Kowannensu ya fito farauta shi kaɗai da karensa, sai karnukan biyu suka tashi gada ɗaya. Karyar Mainasara, wata ja mai dogayen ƙafafu da ake kira Ƙyale, ita ta riga cim mata. Kafin mazan su iso ta cafki gadar a wuya, ta girgiza ta, ta kashe.

Mainasara saurayi ne a lokacin, Gbagyi ne kuma Kirista, ɗan wani ƙaramin ƙauye a gefen Kusasu. Bature Musulmi ne daga Randagi, ya ɗan girme shi. Ƙa'idar mafarautan wajen ita ce in karnuka biyu suka tashi nama, a raba. Mainasara ya zaro wuƙa ya ce a raba. Bature ya durƙusa ya dafa ƙirjin gadar, ya ɗaga fatar idonta, ya miƙe yana kakkaɓe hannu.

"Kwashe abinka, samari. Mushe ne."

"Mushe kuma? Yanzu fa ta faɗi. Taɓa ka ji ɗumi."

"Ɗumi ai ba yanka ba ne. Karyarka ta fi karena gudu, wannan ban musa ba. Ladabi ne ba ta da shi. Kare mai ladabi riƙewa yake yi, ya jira ubangidansa ya zo."

Ya kira karensa ya juya. Mainasara ya saɓa gada sukutum ya kai gida, aka ci aka ƙoshi, amma shi naman bai yi masa daɗi ba. Da an ce shi ne marar ladabi da ya yi dariya ya manta. Ƙyale aka zaga.

Ƙyale ta riga ta girma, ba ta koyon sabon hali, don haka ya jira ta haihu. Babu wanda ya koya masa abin da ya yi da 'ya'yanta, shi ya zauna ya ƙirƙiro. Da kwikwiyo ya fara tasawa sai ya sa masa ƙwan zabo a baki, ya sa shi ya biyo shi daga gona zuwa gida. Ƙwan zabo yana da taurin ɓawo, yana jure haƙorin da bai san kansa ba. In kwikwiyo ya saba kawo shi lafiya, sai a koma ƙwan kaza, wanda ɗan matsi kaɗan ke fasa shi. Wanda ya kawo ƙwan kaza gida ba tsaga, shi za a koya wa kamu da fatar zomo da aka cusa wa tsumma, ana jan ta da igiya, kuma a ƙafar baya kawai. Ya kai baki wuya, a ɗauke fatar a ɓoye, wasa ya ƙare ke nan sai gobe.

Rani biyu bayan haɗuwarsu, mutanen Randagi suka ga wani baƙo ya shigo gari da gada mai rai ɗaure a kafaɗa, wani matashin kare yana biye da shi, yana tambayar gidan Bature mafarauci. Ya same shi a zaure yana gyaran tarko. Ya sauke gadar a gabansa tana harbin iska.

"Ga ladabi na kawo maka. Ɗauko wuƙarka."

Bature ya duba ƙafar gadar, ya ga shatin haƙori amma ko jini babu. Ya daɗe yana kallon karen. Sannan ya yi bisimilla ya yanka, ya aika cikin gida a ɗora tuwo da yawa, baƙo zai kwana.

Mafarautan ƙauyukan nan suna da wata al'ada a tsakaninsu. Ba a sayar da kwikwiyon farauta, bayarwa ake yi. Wanda ya karɓa shi ke raɗa masa suna, kuma cinyar abin da karen ya fara kamawa ta wanda ya bayar ce. Kafin a kai cinyar nan kare bai zama naka ba, amana ce a hannunka. Mayar da kwikwiyo kuwa zagi ne, don ka ce wa mutum irin karnukansa bai da amfani ke nan. An san gidajen da suka daina gaisawa a kan haka. Washegari da Mainasara zai tafi, ya yi wa Bature alkawarin mace daga haihuwa mai zuwa. Tun daga nan jikokin Ƙyale suka riƙa kai da kawowa tsakanin gidajen biyu: wannan ya ba wancan, cinya ta dawo, in shekaru sun juya wancan ya ba wannan.

Noma ce sana'ar Mainasara ta asali, dawa da masara da doya a tudun bayan gida. Farauta ta rani ce. Bai taɓa mallakar bindiga ba, sanda ce da wuƙa da karnuka. Ba ya shiga daji ranar Lahadi, Bature ba ya shiga ranar Juma'a, sauran ranakun kuwa in sun haɗu sai su yi kwanaki a can, suna shan ruwan rafi, suna gasa doya a gindin kaɗanya. Bature yakan shimfiɗa buhu ya yi sallarsa, Mainasara ya ja karnuka gefe ya riƙe su har ya sallame. Duk abin da aka kama da rai yake zuwa hannu, Bature ya yanka, su ci tare. Bature yana kiransa Sarkin Karnuka. Shi kuma yana ce masa Bature marar mota.

Akwai wata ƙararrawar ƙarfe da wani maƙerin Randagi ya ƙera masa, wadda yake rataya wa babbar karyarsa. In za a shiga daji sai a cusa mata ganye don kada ta yi ƙara, sai an ga sawu a zare. Daga jin kaɗawarta Mainasara yakan san ko karya tana bin sawu ne, ko ta tashi nama, ko ta riƙe tana jira. In ta riƙe, ƙarar takan koma ƙanana ƙanana a wuri ɗaya. Ya ce duk duniya babu kiɗan da ya kai wannan.

Matarsa Susan ba ta taɓa yafe masa ƙwai ba. Kullum cewa take ƙwan da za ta ba 'yarsu Rebecca shi yake tura wa karnuka a baki. Wata shekara ta riƙa dafa ƙwan a ɓoye kafin ya ɗauka, don ko ya fashe a samu na ci. Ya yi mako yana yabon wani kwikwiyo da bai taɓa zubar da kwaiduwa ba, har ranar da ya ga Rebecca tana ɓare ƙwan horo a bayan rumbu tana ci da gishiri. Labarin ya kai Randagi kafin shi ya kai.

Daga baya daji ya canja hannu. Ba rana ɗaya abin ya faru ba. Da farko an daina nisa, sai aka daina kwana, sai fadamar da suka fara haɗuwa ta zama wurin da ba a ambata, sai gonar tudu ma ta gagara. Mutane masu bindiga suka zama su ne masu hanyoyin da ya sani tun yana yaro. Karnukansa biyu na ƙarshe, ɗaya tsufa ya ɗauke ta, ɗayan ya bi ƙamshin wani abu wata safiya bai dawo ba. A ƙarshen daminar 2019 shi da Susan suka ɗaure kaya suka shigo Birnin Gwari. Suka sami ɗaki a gidan Malam Nu'uman, wani tela da ke da shago kusa da kasuwa, wanda mahaifinsa ya daɗe yana sayen doya a hannun Mainasara. Cikin kayan da aka sauke akwai tukwane, da fartanya biyu, da Littafi Mai Tsarki na Susan, da ƙararrawar nan cushe da busasshen ganye. Ya buga ƙusa a bango ya rataye ta.

Susan ta rasu a farkon shekarar 2021, bayan gajeriyar jinya. Mainasara bai yi kuka a gaban mutane ba, magana ce ya daina. Bushira, matar Malam Nu'uman, takan aika masa tuwo, kwanon ya dawo an ɗan taɓa gefe. Yakan zauna a kan turmi a ƙofar ɗaki tun safe har inuwa ta juya.

Rebecca tana aiki a wani shagon magani a Kaduna. Da ta zo bikin Ista ta shigo da kwali a hannu, ta ajiye a gabansa ta buɗe. Wani abu fari mai gashi buzu-buzu ya leƙo, bai fi girman zabo ba, idanunsa a ɓoye cikin gashi.

"Mene ne wannan?"

"Kare ne, Baba. Matar mai shagonmu ce ta ba ni."

"Kare?" Ya sa yatsa ya ɗaga gashin goshin. "Ina ƙafafunsa?"

"Suna nan a ƙasa."

"Me yake kamawa?"

"Ba ya kama komai. Zama yake yi da mutum."

"To ai ni ma zaman nake yi. Mu biyu mu zauna, wa zai yi aiki?"

Bushira ta fito daga madafa tana share hannu da zani, ta leƙa kwalin ta kwashe da dariya. "Baba Mainasara, wannan ai in ya kwanta a tsakar gida sai in ɗauka in goge tukunya da shi."

Malam Nu'uman bai yi dariya sosai ba. Da yamma ya zo ya tsuguna kusa da turmin, ya ce shi bai saba da kare a cikin gida ba, amma saboda halin da Baba yake ciki ya yarda. Sharaɗinsa shi ne kada ya kusanci butoci da randa da tabarmar salla, kuma kare ɗaya ne, ba za a ƙara ba. Mainasara ya ce kada Malam ya damu, wannan abin ba zai kai mako a nan ba.

Ya kai mako, ya kai wata. Mainasara ya ƙi sunan da aka zo da shi daga Kaduna, ya raɗa masa Auduga. Ya kafa ɗan shingen kara a ƙofar ɗakinsa don kada ya ƙetara wajen butoci. Kunyar fita da shi yake ji, don masu shayi na bakin titi sun gan su sau ɗaya sun tambaye shi ko zaki zai kamo da shi. Amma a cikin ɗaki Auduga ya san aikinsa. In tsohon ya zauna, ya zo ya kwanta a kan ƙafarsa. In aka kawo tuwo ya zauna ya zuba masa ido, sai Mainasara ya gutsura ya ba shi, in ya ba shi kuma sai ya kai loma bakinsa shi ma. Kwanon Bushira ya fara dawowa a wanke. Wata rana tana shanya ta ji muryar tsohon daga ɗaki yana ta zuba da yaren Gbagyi, ta ɗauka baƙo ya yi. Da ta leƙa, Auduga ne zaune a gabansa ya karkata kai.

Bayan girbin wannan shekarar, wata ranar kasuwa, babur ya tsaya a ƙofar gida. Tasi'u ne, babban ɗan Bature, magidanci mai 'ya'ya, ya goyo mahaifinsa. Bature ya rame, idanunsa sun yi hazo, sai da aka riƙe hannunsa ya ƙetare dokin ƙofa. A rungume yake da wani buhu mai motsi.

"Ina Sarkin Karnuka? An ce ka zama ɗan birni, har da takalmi."

"Bature marar mota! Har yanzu a bayan babur?"

Suka rungume juna, suka daɗe ba su saki ba. Bature ya yi masa ta'aziyyar Susan ido da ido, don bai samu zuwa a lokacin ba. Sannan ya kwance bakin buhun. Wata kwikwiya ja ta fito, dogayen ƙafafu, kunnuwa a tsaye, ta shaƙi iskar tsakar gida ta yi atishawa. Mainasara ya zuba mata ido. Ƙyale ce sak, har da ɗan farin da ke ƙirji.

"Uwarta ta mutu a kan haihuwar nan," in ji Bature. "Ita kaɗai ta rayu. Daga ita babu sauran irin nan ko'ina. Kai ne na ƙarshe da ya bayar, yanzu layinka ne na karɓa. Ni ido ya tafi, Tasi'u kuma bai iya horon ƙwai ba."

A daidai nan Auduga ya fito daga ɗaki yana ɗan haushinsa mai kama da tari. Bature ya karkata kunne.

"Wace tsuntsuwa ce wannan?"

"Kare ne," in ji Mainasara a hankali. "Na Rebecca ne."

Tasi'u ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Mainasara ya ɗauki kwikwiyar, ya ji bugun zuciyarta a tafin hannunsa. Ya san sharaɗin Malam Nu'uman, ya kuma san abin da mayarwa take nufi. Ya ce sunanta Saura.

Malam Nu'uman ya ji bayanin al'adar har ƙarshe, ya shafa gemu. Ya ce shi ba ya son ya shiga tsakanin tsofaffin aminai, amma gidan ƙarami ne, ga yara, ga kaji. Zai ɗaga ƙafa har kwikwiyar ta tasa, amma kafin azumi ya kama Baba ya zaɓi ɗaya. Mainasara ya ce ai zaɓin a fili yake. Ya ari wayar Bushira ya gaya wa Rebecca ta shirya zuwa ta ɗauki kayanta. Rebecca ta ce, "To, Baba. Duk ranar da ka ce in zo, zan zo." Ranar ce bai sa ba.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da ya yi a birni. Ya nemo ƙwan zabo a wajen matan Fulani masu nono. Kowace safiya Saura tana biye da shi daga ƙofar gida zuwa bayan makarantar firamare da dawowa, ƙwai a baki, Auduga yana tsalle a bayansu yana ƙoƙarin cim musu. Ta fasa ƙwai da yawa, Bushira tana cewa yanzu ta gane abin da marigayiya ta sha. Sannan ta daina fasawa. Aka koma ƙwan kaza. Ya ɗinka fatar zomo a shagon Malam Nu'uman, yana jan ta a tsakar gida, yaran unguwa suna leƙe ta katanga. Ya koma cin tuwo har da neman ƙari.

Sai dai Saura girma take yi, tsakar gidan kuma ba ya ƙaruwa. Ta tone gindin bishiyar gwanda. Ta yayyaga shanya. Ta tsallake shingen kara kamar babu shi, sau ɗaya har ta kifar da buta, aka sha wanki. Dole ya aro sarƙa. Shi da ya yi shekaru yana cewa mai ɗaure kare bai cancanci kare ba, ga shi yana ɗaure jikar Ƙyale a jikin turmi. Takan zagaya turmin har ƙasa ta yi rami, sannan ta zauna ta ɗaga hanci sama tana wani siririn kuka. In ya fita da ita bayan gari, iyakarsu gonakin ƙarshe inda ake hango duhun itatuwa. Nan take tsayawa, jikinta yana rawa, igiya a miƙe. Shi ma nan yake tsayawa. Ba a wuce wurin, ko da ana wucewa gwiwarsa ta hagu ba za ta kai shi ba. Su dawo gida, ya zauna yana haki, Auduga ya zo ya kwanta a kan ƙafar mai ciwon.

Ana saura kwanaki kaɗan azumi, da hantsi, ya kwance Saura don ya wanke mata wuya inda sarƙa ta goge. Babban zakaran Bushira, wani ja mai taƙama, ya zaɓi wannan lokacin ya faɗo daga katanga yana kaɗa fukafukai. Saura ta fizge. Zakara ya yi zaure, ya dawo, ya zagaya rijiya, kaji suka watse, Bushira ta fito da muciya tana salati. Mainasara ya yunƙura zai bi, gwiwar ta ƙi, ya zube a ƙasa kusa da turmi.

Daga inda yake kwance ya ga abin da ya faru. Saura ta cim ma zakaran a bakin madafa. Ba ta kai baki wuya ba. Ta kama cinya, ta danne shi da ƙafa ɗaya, ta tsaya cak. Zakara yana ihu yana dukanta da fiffike, ita kuwa ta juyo da ido tana neman ubangidanta, tana jira.

"Kada ki buge ta, 'yata! Duba ki gani. Duba!"

"In duba me, Baba? Ta kashe min zakara!"

"Ba ta kashe ba. Je ki karɓa."

Bushira ta matsa a tsorace ta miƙa hannu, Saura ta saki. Zakaran ya miƙe ya girgiza, ya ɗan ɗingisa, ya koma gefe yana ƙorafi. Ko fatar ba ta huje ba. Mainasara yana zaune a ƙasa yana dariya, hawaye na bin kuncinsa. Ya so ya tashi ya je ya shafa kanta kamar yadda ake yi wa karen da ya yi kamun farko, ya kasa. Taku kaɗan ne tsakaninsu. Sai da Malam Nu'uman ya shigo daga shago ya kama shi ya ɗaga. Duk wannan lokacin Auduga yana manne da gefensa yana lasar hannunsa.

Mainasara ya yini a ɗaki. Da la'asar ya fito yana dogara sanda, ya sami Bushira tana tsince shinkafa.

"'Yata, zakaran nan nake so. Zan ba ki kajina biyu masu ƙwai."

"Me za ka yi da shi, Baba?"

"Kamun farko ne. Cinyarsa tana da mai ita."

Bushira ta dube shi, ta dubi karyar da ke ɗaure, ta ce ya bar kajinsa, dama zakaran ya ishe ta da cara. Malam Nu'uman ya fuskanci alƙibla ya yanka. Bushira ta soya cinyar da yaji ta naɗe a takarda, sauran aka yi miya gidan duka aka ci.

Ranar kasuwa Tasi'u ya shigo gari, Mainasara ya ce zai bi shi. Hanyar da sauƙi a makon, babura suna tafiya a jere. Ya hau baya ya rungume Saura a tsakaninsu, ya bar wa Bushira amanar Auduga. Tun da suka bar kwalta hancin karyar bai sauka ba. Shi ma yana ta kallon kaɗanya da ɗorawa suna wucewa, yana gane wasu.

Sun sami Bature a zauren nan dai, a kan buzu. Mainasara ya sa masa ƙunshin a hannu. Bature ya kwance, ya shafa, ya kai hanci.

"Sarkin Karnuka, wace irin gada ce wannan mai ƙafar kaza?"

"Gadar birni ce. Daga katanga take faɗowa."

"Ta kashe?"

"Ko fata ba ta huda ba. Riƙewa ta yi tana jirana. Malam Nu'uman ne ya yanka, ka ci ba shakka."

Bature ya yi bisimilla ya ci, a hankali, da sauran haƙoran da ke gare shi, har ya tsotse ƙashin. Ya share baki.

"To, cinya ta iso. Karya ta zama taka."

"Ta zama tawa, ko? Ba amana ba?"

"Taka ce halak malak."

"To tunda tawa ce, ina da ikon bayarwa." Ya juya. "Tasi'u, matso."

Bature ya ɗaga kai. "Mayarwa za ka yi?"

"Wa ya mayar? Kai ka ba ni, na biya ka, ka cinye a gaban shaidu. Yanzu ni ke ba ɗana. Ta gama ƙwan zabo, ta gama na kaza, ta san ƙafar baya. Abin da ya rage mata ƙafafu ne da za su bi ta, ni kuwa nawa sun tsaya a bakin turmi." Ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙararrawar, ya zare busasshen ganyen da ya yi shekaru a cikinta, ya ɗaura wa Saura. Ta girgiza wuya, zauren ya cika da ƙarar. Bature ya rufe idanunsa yana saurare.

"Kada ka ɗaure ta," in ji Mainasara ga Tasi'u. "Ko fadamar bayan gari ce ku riƙa zuwa, zomo ma nama ne. In ta haihu ka zo in nuna maka yadda ake sa ƙwai. Kuma ka san abin da ke kanka."

"Na sani, Baba. Cinya."

"Kai kuma fa?" in ji Bature. "Haka za ka zauna ba kare?"

"Ina da kare."

"Tsuntsuwar nan?"

"Shi ma riƙewa yake yi. Ni ya riƙe."

Bature ya yi dariya har da tari, ya aika cikin gida a ɗora tuwo da yawa.

Washegari Mainasara ya koma Birnin Gwari. Ya ari wayar Bushira ya gaya wa Rebecca ta bar maganar zuwa ɗaukar kare. Ya mayar wa mai sarƙa sarƙarsa, ya cike ramin gindin turmi.

Tasi'u ya kawo cinyar zomo kafin ruwan farko ya sauka. Bature ya rasu a daminar 2023, Mainasara ya je ta'aziyya ya kwana uku a zauren. Saura ta haihu sau biyu, 'ya'yanta suna gidaje huɗu a Randagi da kewaye, Tasi'u ne ke musu horon ƙwai. An yi wa Mainasara tayin ɗaya, ya ce a ba mai ƙafa. Bai sake shiga daji ba. Yana nan a ɗakinsa na gidan Malam Nu'uman, ƙusar tana bango babu komai a jikinta. Kowace safiya yana fita da sanda zuwa wajen masu shayi, Auduga yana biye da shi, kuma sun daina tambayarsa abin da zai kamo. Ya taɓa gwada sa wa Auduga ƙwan zabo a baki. Bakin bai isa ba, ya bar shi.